Abin da Kwamfuta Ta Koya a Rugar Hammadu

Rugar Hammadu ta daina zama ruga tun kafin a haifi yawancin mutanen da ke cikinta. Suna ne kawai ya rage, sai 'yan shanun huɗa, sai kuma wata irin kunya da mutanen suka riƙe gam bayan sun sayar da komai na kakanninsu. Ƙauye ne a yankin Gude, gida ɗari da 'yan kai, kuma wutar lantarki ba ta taɓa zuwa masa ba sai a bakin 'yan takara.

Sai ga wata jami'a ta birni ta samu tallafi don ta gina tashar bincike a ƙauye. Aka zo aka share filin da a da ake kwantar da shanu, aka jera faifan sola sahu-sahu, aka gina ɗakin batura, aka ja waya gida-gida, kowane gida da mitarsa. A tsakiya aka yi wani ɗaki mai sanyi aka ajiye kwamfuta. Aikinta shi ne ta koyi yadda kowane gida yake shan wuta, sannan ta riƙa rabawa ba tare da an ɓarnatar da ko ɗigo ba. Masu digiri suna ce wa abin ƙirƙirarriyar basira, kuma sun ce daga wannan tasha ɗalibai za su yi ta rubuta bincike har shekara ashirin. Mutanen gari dai kwamfuta suke cewa, su wuce.

Ba a yi mamakin zaɓar Rugar Hammadu ba, domin shugabar aikin, Dakta Zinnira, 'yar garin ce. Ita ce 'yar farin Malam Haladu, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya ya koma gona da karatun tsofaffin littattafai.

A zuri'ar su Haladu ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a yaba shi a gabansa, ba a roƙe shi, ba a kai masa kuka. Da aka yaye Zinnira sai aka miƙa ta ga yayar Haladu, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, a Unguwar Tudu ta Gwarzo, can ta girma har ta tafi jami'a. Ta tashi tana ce wa mahaifiyarta Adda, kamar wata babbar yaya. Shi kuwa Haladu in zai ambace ta sai ya ce 'yar wajen Gwaggo. Ya yi karatun da ya ishe shi ya san cewa al'adar nan ba aya ba ce, ba hadisi ba, ya ma taɓa faɗa wa abokan aikinsa haka suna dariya. Sanin bai sa ya taɓa kiran sunan ba ko sau ɗaya a shekara talatin da takwas.

Matarsa Umma ta fi shi riƙo. Ita ce kuma ba ta da lafiya. Shekara arba'in tana durƙushe gaban murhu a ɗakin girkin da ba shi da taga, har wani likita a birni ya duba hoton ƙirjinta ya tambaye ta kara nawa take sha a rana, ita da ko warin taba ba ta so. Ƙaramin ɗansu Badaruddeen, da ke aiki a Fatakwal, ya aiko da injin numfashi a daminar da ta wuce: wani akwati mai taya da ke tace iska ya turo ta cikin siririn tiyo zuwa hanci. Ya haɗo da ƙaramin janareto. Umma ta karɓa, ta sa masa albarka, sannan ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa yayarsa ba. Ta ce ba za a ce 'yar fari ta gan ta da igiya a hanci kamar saniyar da za a kai kasuwa ba.

Da aka gama tashar da kaka, sharaɗin shiga shi ne kowane gida ya miƙa janaretonsa, domin binciken na wuta mai tsabta ne. Haladu ya miƙa nasa tare da na kowa. Bayan haka aka bi gida-gida da fom. Layinsu Zinnira ta ɗauka da kanta, wataƙila don ta samu dalilin shiga gidan da ba ta saba shiga ba sai da sallah.

Kafin ta yi sallama Umma ta riga ta tura injin bayan gado ta lulluɓe shi da zani, ta zauna cikin ɗaki ta danne tarinta. Zinnira ta durƙusa a tsakar gida ta gaishe da uban, ta gaishe da ƙofar ɗakin, aka amsa mata daga ciki a gajarce kamar yadda ya kamata. Ta tambayi yawan mutanen gidan da yawan ɗakuna, Haladu yana ba da amsa yana kallon ƙasa. Sannan ta ce:

"Baba, saura ɗaya. Akwai wani abu mai amfani da wuta a gidan nan da lafiyar wani ta rataya a kansa? Irin wannan gidan alama ake sa masa, ba a ɗauke masa wuta ko da me ya faru."

Haladu ya saurari ɗakin. Ko motsi babu, har tarin ya yi biyayya.

"Babu," in ji shi. "Mu ƙwan fitila biyu da rediyo sun ishe mu."

Ta rubuta. Ta kuma bayyana cewa kwana arba'in na farko na koyo ne, kwamfuta za ta zuba ido ta ga halin kowane gida. Daga cikin ɗaki Umma ta ce wa Haladu ya tambayi baƙuwar ko duk abin da aka kunna ana gani. Zinnira ta ji daɗi ƙwarai da Addarta ta nuna sha'awar aikinta. Ta ce ai ko cajin waya aka sa, a kan allo suke ganinsa, gida-gida, minti-minti.

Bayan ta fita Umma ta yanke hukunci: ba za a kunna injin ba sai arba'in ɗin nan ta cika. Ta ce wadda ta yi wankan jego sau bakwai ba kwana arba'in ne zai ba ta tsoro ba. Haladu bai yi musu ba, kuma a nan ne nasa kuskuren. Ya yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar, ya san masu duba aiki: su zo, a share ofis, a ɓoye abin ɓoyewa, su ci kaza su tafi, a koma yadda ake. Ya ɗauka kwamfutar ma haka take. Bai kawo a ransa cewa akwai mai duban da ba ya tafiya ba, kuma ba ya manta abin da aka nuna masa a ranar farko.

Umma ta yi arba'in ɗinta a zaune, jingine da matashi uku, tana jan iska kamar mai ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi. Rana ta arba'in da ɗaya Haladu ya jona injin, ya yi gurnaninsa, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Lokacin sanyi ne, ba mai kunna fanka, wuta ta wadata, kwamfutar ba ta ce komai ba. Suka ɗauka sun yi dabara.

Bazara ce ta tona su. Da zafi ya kankama, kowane gida ya sayi fanka, masu shago suka kawo firji, wuta ta fara kasawa daga bayan azahar, lokacin da rana ta karkata daga faifan amma zafinta bai karkata daga jikin mutane ba. A nan kwamfutar ta fara aikin da aka gina ta dominsa. Ta duba gidajen da suka kauce wa halin da ta san su da shi, ta fara da wanda ya fi kaucewa. Gidan da ta koya da ƙwai biyu da rediyo, ga shi yanzu yana jan wuta awa goma sha biyar ba hutawa. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna mitar ta yi ƙara ɗaya, injin ya yi shiru, kuma bai dawo ba sai dab da magariba.

Haka washegari, haka jibi. Haladu ya koyi zaman awa huɗu a bakin gado da mafici a hannu, yana kallon ƙashin wuyan matarsa yana hawa yana sauka. Ya jawo waya ta kan katanga daga gidan maƙwabcinsa Abdulrahman. Kwana biyu kwamfutar ta lura gidan Abdulrahman ma ya canja hali, ta haɗa su biyu ta yanke. Haladu ya naɗe wayarsa ya ba da haƙuri. Janareto kuwa babu ko ɗaya a garin, duk suna jere a bayan tasha an rubuta musu lamba, ana jiran ranar da za a nuna wa manyan baƙi.

Ya ce wa Umma zai yi wa 'yar wajen Gwaggo magana. Ta jira numfashi ya taru mata, sannan ta ce:

"Malam, in ka gaya mata ban yafe ba."

A shekara arba'in da suka yi tare ba ta taɓa ce masa haka ba, ko ranar da ya sayar da saniyar da ta zo da ita daga gidansu.

Ya tafi tashar da hantsi. Mai kula da ita Hambali ne, mutumin Kabo, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda kafin zuwan jami'a gyaran janareto yake yi a bakin kasuwa. Ya shigar da shi ɗakin kwamfutar, sanyi ya bugi Haladu har cikin haƙora. Hambali ya ce nan ne kaɗai ba a ɗauke wuta, domin in kwamfutar ta ji zafi tunaninta rikicewa yake. Haladu ya ce ai shi ma nasa haka yake, amma ba wanda ya saya masa na'urar sanyi. Suka yi dariya, Hambali ya buɗe allon ya nuna masa wani jan layi da ya miƙe sama.

"Baba, gidanka ne ya fi suna a nan. Kwamfuta ta ɗauka wanki da guga kuka buɗe. Ko Inna ce ta fara sana'ar ƙanƙara ba a gaya mana ba?"

Haladu ya ce wani abu ne dai na larura suke kunnawa, ya tambaya ko akwai yadda za a yi a daina yanke musu. Hambali ya ce abu ne mai sauƙi, alama kawai za a sa wa gidan, amma shi ba shi da ikon sawa. Tun farko jami'a ta ce kada a bar wa ma'aikacin tasha, don kada kowa ya sa wa gidan surukansa. Mutum ɗaya ke da mabuɗin, ita ce Dakta. Kafin Haladu ya ce wani abu ya riga ya danna lambarta ya miƙa masa wayar.

Ya ji muryarta tana cewa tana ji, Hambali, me ya faru. Da ta gane shi ne sai muryar ta canja, ta shiga gaisuwa. Ya tambaye ta aiki, ya tambaye ta mai gidanta da yara, ya ce ya biyo ta tashar ne ya ga wuri ya yi kyau. Ta tambayi Adda. Ya ce tana nan da sauƙi. Ya miƙa wa Hambali wayarsa, ya fita cikin rana.

A hanya ya samo mafita, irin wadda masu karatu ke samowa in suna son su karya alkawari ba tare da sun karya ba. Umma cewa ta yi kada ya gaya wa yarinyar. Ba ta ce kada ya gaya wa Gwaggo ba. Washegari ya hau mota zuwa Gwarzo, daga can ya hau babur zuwa Unguwar Tudu.

Gwaggo ta haura tamanin amma hankalinta garau. Ya gaya mata komai, sai dai ya sassauta, domin bai iya faɗar munin abin a gaban yayarsa ba: Umma na da wani inji da ke taimaka mata, wuta na ɗaukewa da rana, tana shan wahala. Gwaggo ta gane fiye da abin da ya faɗa. Ta zage shi tas, ta ce tun yana yaro haka yake, sai ruwa ya kai wuya yake tuna yana da baki. Ta ce ya bar mata. Amma da ya tafi ta ɗauki waya, sai ita ma ta ga ba za ta iya ce wa yarinyar da ta goya aikinta ne ke shaƙe uwarta ba, ga shi saura mako biyu a ƙaddamar da tashar. Ta ce mata mutanen Ruga na fama da zafi, Addarta ba ta jin daɗi, wuta na ɗaukewa, a duba su.

Bayan kwana uku Hambali ya kawo kwali. Fanka ce mai caji, sabuwa, mai kyau. Ya isar da saƙon Dakta cewa ba za ta iya fifita gidan mahaifinta a kan sauran ba, idon jami'a da na masu tallafi duk yana kanta, amma wannan za ta rage musu zafi, kuma tana nan zuwa ranar ƙaddamarwa. Haladu ya yi godiya. Ya san da shi ne a matsayinta haka zai yi, ya ma ji wani abu kamar alfahari, wanda ya fi komai ɗaci. Ya ajiye fankar a gaban Umma. Daga ranar, in injin ya yi shiru, fankar takan yi ta kaɗa mata iskar da ba ta iya ja.

Ƙafafunta suka kumbura. Ta daina zuwa bakin ƙofa. Asibi matar Abdulrahman ta karɓi girkin gidan ba tare da an roƙe ta ba.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna shida a gaban tashar, aka kawo lasifika da manyan fankoki masu feshin ruwa don baƙi, duk a kan wutar tasha, domin abin kunya ne a kunna janareto a bikin sola. Kwamfutar ta ga nauyin da ba ta saba gani ba, ta yi lissafinta, ta fara yanka tun kafin azahar. Gidan Haladu ne na farko kamar kullum.

Ya yi awa ɗaya yana fifita. Sannan ya ga leɓɓanta sun yi duhu, ya kira ta ba ta juyo ba, sai ta kira shi da sunan wani yayanta da ya rasu tun tana budurwa. Ya ce wa Asibi ta zauna da ita. Ya fita yadda yake, da 'yar shara da silifa, ba hula.

A rumfa wani farfesa ne ke magana. Yana cewa tashar ta rage ɓarnar wuta da kashi talatin da ɗaya cikin ɗari, kuma kwamfutar ta gano gidajen da ke almubazzaranci ba tare da ɗan Adam ya sa baki ba, aka tafa. Haladu ya ratsa tsakanin kujeru, wani ɗan sanda ya tare shi, Hambali ya ce a bar shi, mahaifin Dakta ne. Tana tsaye gefen allo da wata na'ura mai faɗi a hannu, tana jiran a kira ta. Da ta gan shi haka ba hula ta fara durƙusawa. Bai bari ta gaishe shi ba.

"Uwarki ba ta iya numfashi sai da inji. Wata tara ke nan. Wutar da ake ɗaukewa a gidanmu ta injin ce."

Ta dube shi. Shi ma ya dube ta, kuma bai san rabonsa da ganin fuskarta sosai haka ba. Tana da idon uwarta. Ta sunkuya kan na'urar, yatsanta ya taɓa nan ya taɓa can, ta ce an mayar. Abin da ya yi kwana talatin da uku yana ɗauke da shi bai kai daɗewar ɗaure akuya ba. Ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu ta nufi cikin gari da gudu, lasifika na kiran sunanta da duk digirorinta.

Ko da Haladu ya isa gida injin na gurnani, tiyon na hanci, Zinnira na durƙushe a bakin gado. Umma ta farfaɗo har ta gane wadda ke gabanta. Abu na farko da ta yi da ƙarfin da ya dawo mata shi ne ta ja mayafi ta rufe fuskarta ta juya bango.

Aka kai ta asibiti a Gwarzo a motar jami'a. Likitan ya ce zuciyarta ta kumbura saboda ta daɗe tana aiki da iskar da ba ta isa ba, ya tambaya me ya sa ba a amfani da injin yadda aka ce. Bayan kwana huɗu Umma ta ce a mai da ita ɗakinta, likitan bai hana ba, Haladu ya san ma'anar rashin hanawar.

Ta yi kwana goma sha ɗaya a gida, kuma wuta ba ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ba. Zinnira ta bar ofis da ɗalibai ta tare a gidan. Da farko Umma ba ta karɓar ko ruwa daga hannunta, sai ta miƙa wa Asibi, Asibi ta miƙa. A rana ta biyar ta bari ta shafa mata mai a ƙafa, fuskarta na bango. A ta takwas Haladu ya shigo ya tarar ta ɗora hannu a kan ɗankwalin yarinyar da ke barci a gefen gado, da ta ji motsinsa ta janye.

Shi ba ta yi masa magana ba duk kwanakin nan, shi kuma bai roƙa ba. Sai ranar ƙarshe da safe, Zinnira ta fita ɗauraye kwano, Umma ta yafuto shi.

"Faɗar da ka yi na yafe. Shirun kuma nawa ne, ba wajenka zan nemi yafiyarsa ba."

Ya ce bari ya kira yarinyar. Ta ce a'a, a bari ta gama abin da take yi. Da Zinnira ta dawo Umma ta dube ta, ta buɗe baki, ta tambaye ta ko an ba kaji ruwa. Da hantsi ta cika, injin na aiki. Haladu ne ya kashe shi, bayan ya yi ta neman maɓallin kamar bai taɓa gani ba.

Badaruddeen ya iso bayan an kai ta makwancinta. A zaure ya fara cewa kwamfutar yayarsa ce ta kashe musu uwa, Gwaggo, da ta zo zaman makoki, ta tambaye shi wane ne ya yi rantsuwar yin shiru, ya fita bai ƙarasa ba. Kowa a gidan yana da rabonsa, kuma kowa ya san nasa, shi ya sa zaman makokin ya yi tsit fiye da yadda aka saba.

Bayan addu'ar bakwai Zinnira ta sa aka sake bin gidaje da tambayar. Wannan karon ba ta aiki ɗan gari ko ɗaya ba. Mata ta ɗauko daga Durun, waɗanda ba su da dangi a Ruga, ta ce su shiga har ɗaka su zauna su yi hira. Suka dawo da gida tara: mai maganin sukari da ke lalacewa a firjin da ake yankewa, mai yaro mai asma, tsohon da ya ɓoye ciwonsa don surukinsa ne ya zo da fom na farko. Aka sa musu alama. Adadin tsimin ya sauko daga talatin da ɗaya zuwa ashirin da shida, kuma an ce wasu a jami'a ba su ji daɗi ba, domin an riga an buga na farkon a takardar biki.

Ranar da za ta koma birni ta same shi a zaure bayan la'asar, littafi buɗe a cinyarsa ba ya karantawa. Ta durƙusa nesa kaɗan. Ta ce ta bar masa magana da Asibi kan abinci, ta ce Hambali zai riƙa leƙowa. Ya ce Allah ya yi albarka. Ba ta tashi ba.

"Baba, da wani ne ya kawo tashar nan, ba ni ba, da kun faɗa masa?"

Ya ga abin da take so ya ce. Yana iya cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, duk wanda ya zo ta'aziyya haka ya ce. Amma ya yi mata ƙarya sau biyu, a tsakar gida da kuma a waya, ya ga inda suka kai.

"Da baƙo ne, da tun ranar farko mun faɗa masa."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an tabbatar mata da sakamakon da ta riga ta lissafa. Ta ce ta gode. Ta tambaye shi ko akwai saƙo wajen Gwaggo, wadda ta riga ta koma gida, tunda ta Gwarzo za ta bi. Ya yi tunani, ya ce ta gaishe ta, ta kuma ce mata ƙafarta ɗin nan da take ɓoyewa ta bari a kai ta a duba. Zinnira ta ce ba ta san Gwaggo na ciwon ƙafa ba. Ya ce shekara biyu ke nan.

Ta zauna sosai a kan tabarmar, ta aika a ce wa direba ya kashe mota, ta ce wa uban ya gaya mata sauran.